Na zuba saiti a init.el, Emacs ya yi biris da ni

Autan Mama:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah a taimaka wa ƙaninku. Wata 2 ke nan da na koma editan rubutu Emacs a laftof ɗina mai Linux Mint. Ba wani kod nake rubutawa sosai ba, yawanci rubutun firojet ne da Hausa, sai ɗan Python da ake ba mu a aji. Shekaranjiya na ci karo da fayil ɗin saitin wani Bature a intanet, layi ya haura 600, ya sa hoton allonsa baƙi wuluk da launuka, abin dai gwanin sha'awa. Na kwafe shi kaf na zuba a ~/.emacs.d/init.el kamar yadda ya ce a yi. Na rufe Emacs na sake buɗewa. Wallahi ko gezau. Farin allon nan na kullum ne ya fito, ba saƙon kuskure, ba komai. Har kwamfutar na kashe na kunna sau biyu.

Sai matsala ta biyu, ita ce ma ta fi ci mini tuwo a ƙwarya: ƙ da ɗ da ɓ. Yanzu haka wani fayil na ajiye da su a ciki, duk sanda zan rubuta "ƙasa" sai na je na kwafo na liƙa. A haka zan yi shafi 40?

Kawu Mai Gemu:
Wa alaikumus salam Auta. Kafin ka taɓa komai, tambayi Emacs ɗin da kansa wane fayil ya karanta. Danna Ctrl da h, ka saki, ka danna v, sai ka rubuta user-init-file ka buga Enter. Masu Emacs suna taƙaita wannan da C-h v, gara ka saba tun yanzu: C shi ne Ctrl, M kuma Alt. Ka kawo mana abin da ya ce. Ka haɗa da M-x emacs-version mu san sigar da ke hannunka.

Autan Mama:
Siga ta 29 ce. Fayil ɗin kuma ya ce .emacs ne, a babbar foldata ta gida. Amma Kawu ni ban taɓa ƙirƙirar wannan ba, ban ma san da zamansa ba.

Kawu Mai Gemu:
Kai ka ƙirƙire shi, ba ka dai sani ba ne. Akwai ranar da ka shiga Options ka ƙara girman rubutu, sannan ka danna Save Options? To a ranar ba ka da fayil ɗin saiti, sai Emacs ya buɗe maka ~/.emacs ya rubuta zaɓinka a ciki. Sunansa da ɗigo ya fara, shi ya sa ba ka ganinsa sai ka yi ls -a. Shi kuwa Emacs idan ya tashi yakan fara duba ~/.emacs.el da ~/.emacs, sai in babu su ya waiwayi ~/.emacs.d/init.el. Wanda ya fara samu shi kaɗai yake karantawa, ba ya haɗa biyu. Tun siga ta 27 akwai kuma ~/.config/emacs, amma shi ma a bayan layi yake, muddin tsofaffin suna nan ba a kula shi.

Maganin dai shi ne ka canza wa .emacs suna. Amma tsaya tukuna, KADA ka yi yanzu. Ɗan fayil ɗin nan shi ya tare maka layi 600 da ba ka karanta ko ɗaya ba. Saitin Emacs ba jerin "eh" da "a'a" ba ne, shiri ne sukutum da yaren Emacs Lisp. Duk abin da kai za ka iya yi a kwamfutarka shi ma zai iya: ya sauko da kaya daga intanet, ya goge fayil, ya canza aikin kowane maɓalli.

Vim Kawai:
Hhh an fara. Edita guda da ƙofar shiga huɗu, mai gidan ma bai san ta wacce ake bi ba. Auta ka zo mu ba ka masauki.

Autan Mama:
Kawu ka yi haƙuri, ban karanta ƙarshen saƙonka ba sai da na riga na canza sunan 😭 Ina buɗewa ya tsaya cak kusan minti 10 yana ta sauke abubuwa, ina kallo datata tana tafiya kamar ruwa a kwando. Da ya gama sai ya raba allo biyu, ƙasa ya rubuta wai an samu kuskure wajen loda init.el, na sake buɗe shi da --debug-init. Allon ya yi baƙin, wannan kam na samu. Amma yanzu rubutu ya gagara. Na zo rubuta "kai", sai alamar ta haura layin sama, sannan ya rubuta "i" kaɗai. Na danna x ya cinye mini harafi. Ko dai bairos ne?

Vim Kawai:
Allahu Akbar! Ba bairos ba ne ɗan uwa, shiriya ce ta zo maka har gida 😂 Baturen naka ya kunna evil-mode, fakej ɗin da ke mayar da maɓallan Emacs irin na editanmu Vim. A wajenmu k hawa sama ne, a shi ne "fara rubutu a gaban alama", shi ya sa i kaɗai ta samu shiga. Danna u ka dawo da harafin da x ya cinye. Ka ga su kansu sun san inda daɗi yake, sai su shigo da namu ta bayan gida.

Kawu Mai Gemu:
Bar shi ya ji da abin da ya dame shi mana. Auta, rufe shi. Daga taminal ka rubuta emacs -q ~/.emacs.d/init.el. Wannan -q ɗin cewa yake kada a karanta saitinka, sai ya tashi fes kamar ranar da aka sa shi, ga kuma fayil ɗin a gabanka. Ka riƙe wannan da kyau, shi ne tsanin fita daga rijiya duk ranar da ka ɓata saiti. Me kuskuren ya ce daidai?

Autan Mama:
Wai ya kasa buɗe wani fayil a /Users/ sai sunan mutumin, sai wata folda tasa.

Kawu Mai Gemu:
To ka gani. /Users/ na Mac ne, kai naka /home/ ne. Fayil ɗinsa na kansa yake kira, wanda bai taɓa barin kwamfutarsa ba. Kuma Emacs daga sama yake karantowa zuwa ƙasa, inda ya fara tuntuɓe nan yake tsayawa, duk abin da ke ƙasa ba zai taɓa shi ba. Wato yanzu rabin rigar wani ce a jikinka, hannu ɗaya ya shiga ɗaya na reto.

Anti Lissafi:
Sannunku da hira. Auta ƙanena, ni ba 'yar kwamfuta ba ce, lissafi nake koyarwa, amma shekarata 9 ina rubuta darasi da tambayoyin jarrabawa da Org mode, tsarin rubutu na cikin Emacs. Shawarata ka canza wa fayil ɗin Baturen suna ka ajiye shi gefe, ka goge foldar elpa da ya cika maka da kayan da ya sauke, ka buɗe sabon init.el babu komai a ciki. Ka fara da wannan kaɗai:

(setq custom-file (locate-user-emacs-file "custom.el"))
(load custom-file t)
(setq inhibit-startup-screen t)
(column-number-mode 1)
(load-theme 'modus-vivendi t)

Layi biyun farko su ne rigakafin abin da ya same ka: duk abin da ka zaɓa ta menu zai tafi custom.el, ba zai riƙa yi maka rubutu a cikin fayil ɗinka ba. Wannan t ɗin na layi na biyu cewa yake in fayil ɗin bai wanzu ba tukuna kada a yi ƙorafi. Na ƙarshen kuma ga baƙin allon da ya ruɗe ka nan, tun siga ta 28 yake zuwa a cikin Emacs, ko kilobait ɗaya na data ba za ka kashe ba.

Ba sai ka riƙa rufewa kana buɗewa ba. Kai alama bayan bakan rufewa na layin, ka danna C-x C-e, nan take zai yi aiki. Daga nan kada ka ƙara komai sai wani abu ya ba ka haushi sau uku. In ya ba ka haushi sau uku, ka nemo layinsa, ka sa masa bayani a sama da waƙafi mai ruwa guda biyu, da Hausa ma in ka so. Ni nawa har yau bai kai layi 150 ba, kuma kowanne na san ranar da ya shiga.

Injiniya:
Malama ina girmama ki amma a nan ban yarda ba. Yaro yana da firojet a gabansa, ku ce ya zauna koyon Lisp layi-layi? Wannan ai sana'a ta biyu kuka ɗora masa. Laifinsa ba kwafa ba ne, abin da ya kwafa ne. Akwai bambanci tsakanin fayil ɗin mutum ɗaya da ya ɗinka wa kansa, da abu irin Doom Emacs ko Spacemacs da aka yi domin jama'a, ana gwadawa ana gyarawa. A Doom fayil uku ne naka: init.el inda kake cire alamar bayani daga gaban abin da kake so, packages.el na ƙarin fakej, config.el na ɗan son ranka. Ka yi doom sync, shi ke nan. Cikin awa ɗaya ka samu abin da ku za ku shekara kuna haɗawa.

Kuma Kawu ya fi ni sanin tarihi. Shi kansa Emacs ɗin a 1976 a MIT ta Amurka ai daga tarin macros ɗin da mutane suka rubuta wa kansu a kan editan TECO aka haɗa shi, su Richard Stallman da Guy Steele. Da kwafar saitin juna aka haife shi. Yaushe kwafa ta zama abin kunya?

Kawu Mai Gemu:
Tarihin naka daidai ne Injiniya, amma su waɗancan ofishinsu ɗaya, in macro ɗin wani ya ƙi aiki sai ka leƙa ka tambaye shi. Kuma sun iya karanta abin da suke kwafa. Ni ban hana kwafa ba, rabin nawa ma tsintuwa ce. Abin da nake cewa ka kwafi layi 5 da ka gane ya fi maka 600 da ba ka gane ba. Doom abu ne mai kyau, na sa wa yaran wajen aikinmu biyu. Sai dai ranar da ya lalace, abu biyu za ka koya lokaci guda: yadda Emacs yake, da yadda Doom ya naɗe shi. Sannan shi ma da maɓallan Vim yake zuwa in ba ka cire ba, ga sauke kaya masu yawa. Yaron da ke kukan data yanzun nan za ka tura can?

Injiniya:
Sau ɗaya ne ai. Ya je inda ke da wayifai ya sauke.

Anti Lissafi:
Injiniya, ba Lisp na ce ya koya ba. Ni kaina in ka ce na rubuta maka shiri da shi kunya zan sha. Abu uku na iya: C-h v na tambayi ma'anar saiti, C-h f na tambayi aikin umarni, C-h k na danna maɓalli ya gaya mini abin da yake yi. Da su na yi shekara 9.

Kuma bari na nuna maka abin da ya sa nake tsoron fayil ɗin wani. Auta, bincika na Baturen da C-s, ka ga ko akwai make-backup-files da auto-save-default.

Autan Mama:
Suna nan Anti, duka biyun ya sa musu nil, wato ya kashe su.

Anti Lissafi:
Na sani ai, kusan kowa haka yake yi, wai fayilolin da ke ƙarewa da ~ da masu # gaba da baya suna ɓata masa folda. Shi wutarsa ba ta ɗaukewa. Ni batirin laftof ɗina ya daɗe da mutuwa, in aka ɗauke wuta ɗif take yi. Wata rana ina tsakiyar tambayoyin jarrabawa, na yi wajen awa biyu ban danna ajiyewa ba saboda lissafin ya ɗauke mini hankali, aka ɗauke. Na zauna a duhu ina salati. Da aka kawo na buɗe fayil ɗin, sai Emacs ya ce akwai kwafin da ya fi wannan sabunta, na yi M-x recover-this-file. Rabin jimla kawai na rasa. Shi da kansa yake ajiyewa a fayil mai # duk bayan bugun maɓalli 300, ko in ka yi daƙiƙa 30 ba ka taɓa komai ba. Tun ranar na mayar da su 100 da 10. In tarkacen ~ ne ya dame ka, ba kashewa ake yi ba, ɗaki ake ba su:

(setq backup-directory-alist '(("." . "~/.emacs.d/ajiya")))

Da ka bar layin Baturen nan, da sai ranar da abin ya faru za ka san an cire maka shi.

Injiniya:
Wannan kam na sallama. Amma maganata kan Doom tana nan.

Autan Mama:
Na bi ta Anti, ya tashi lafiya lau, allon baƙi, rubutu na shiga. Na gode ƙwarai. Saura masu ƙugiyar don Allah, kada a manta da ni a wajen faɗan manya.

Kawu Mai Gemu:
Ta gaggawa tukuna, wadda ba ta buƙatar saiti: C-x 8 sai Enter, sai ka rubuta lambar harafin. ƙ 0199 ce, Ƙ 0198, ɗ 0257, Ɗ 018A, ɓ 0253, Ɓ 0181. In ka manta lamba rubuta "with hook" ka danna Tab zai jero maka su. Amma ba a rubuta shafi 40 da wannan. Malama tana da na dindindin, na taɓa ganin ta sa a nan.

Anti Lissafi:
Ga shi. Emacs yana da wani tsari da ake kira Quail, da shi ake shigar da haruffan harsuna, kowa kuma zai iya ɗinka nasa:

(require 'quail)
(quail-define-package "hausa-gida" "UTF-8" "HA" t "Haruffa masu ƙugiya" nil t nil nil nil nil nil nil nil nil t)
(quail-define-rules ("k;" ?ƙ) ("K;" ?Ƙ) ("d;" ?ɗ) ("D;" ?Ɗ) ("b;" ?ɓ) ("B;" ?Ɓ))
(setq default-input-method "hausa-gida")

Jerin nil ɗin nan kada ka tambaye ni, daga fayil ɗin haruffan Turai da ke cikin Emacs na kwafo shi, Injiniya sai ka yi dariya. C-\ ke kunnawa da kashewa, za ka ga HA a layin ƙasa. Ka buga k sai waƙafi mai ruwa, ta zama ƙ.

Injiniya:
Alhamdu lillahi, an kama Malama da layin da ba ta gane ba 😂

Autan Mama:
Na liƙa na sake buɗewa, ya ce "End of file during parsing".

Kawu Mai Gemu:
Baka ɗaya ka bari a baya wajen kwafa. Ya buɗe baka yana ta neman abokinsa har fayil ya ƙare. M-x check-parens zai kai ka wajen.

Autan Mama:
Haka ne, na ƙarshen layi na uku ne ya yanke. Ya yi! ƙ ɗ ɓ Ƙ Ɗ Ɓ 🎉 Amma na ɗan yi gyara, na mayar da waƙafi mai ruwan zuwa hamza, wato k' d' b', tunda haka muka saba rubutawa a waya. Hannuna ya fi saurin zuwa can.

Anti Lissafi:
To madalla. Rubuta mini "shekara sab'in" da shi, sannan ka rubuta "bid'a".

Autan Mama:
Shekara saɓin. Biɗa. Innalillahi 😂😂

Kawu Mai Gemu:
Ka ga da firojet ɗinka kan addini ne, da ka mayar da kowace bid'a biɗa, malaminka ya yi ta neman abin da ake biɗa.

Anti Lissafi:
Ni ma ta nan na fara, sab'in ce ta kama ni a takardar maki. Hamza tana da aikinta a Hausa, kuma a kalmomin da muka aro daga Larabci tana zuwa bayan baƙi: sab'in, tis'in, jam'i, mas'ala, bid'a. Waƙafi mai ruwa kuwa a ƙarshen kalma yake zuwa, kalmominmu kuma kusan duk da wasali suke ƙarewa, da wuya ka ga k ko d ko b a gabansa. Shi ya sa na zaɓe shi.

Injiniya:
A Hausa ke nan. Ranar da ya buɗe fayil ɗin C ko JavaScript ya rubuta x = k; zai ga ƙ ta fito, kod ya ƙi tafiya.

Kawu Mai Gemu:
Ba zai bi shi can ba, kunnawar ta kowane fayil daban ce. In ma yana so ta riƙa kunna kanta a fayilolin rubutu kaɗai:

(add-hook 'text-mode-hook (lambda () (activate-input-method "hausa-gida")))

Org mode daga text-mode ya samo asali, don haka shi ma zai samu. Fayilolin kod kuwa ba ruwansu.

Ƴar Damagaram:
Salamu alaikum ƴan uwa, tun ɗazu ina biye da ku shiru. Malama na gode, na ɗauka, amma kun manta da mu. Ku a Najeriya 'y kuke rubutawa, mu a Nijar ƴ ce a makaranta da littattafai: ƴaƴa, ƴanci. Lambarta 01B4, babbar 01B3. Na ƙara ("y;" ?ƴ) da ("Y;" ?Ƴ) ya yi daidai.

Sai dai C-\ ɗin nan azaba ce a wajenmu. Maɓallanmu tsarin Faransa ne, AZERTY, kafin ka samu \ sai ka haɗa AltGr da 8, ga Ctrl kuma, yatsa uku kamar mai kaɗa gurmi. Kawu wane maɓalli zan mayar da shi wanda ba zan taka wani abu ba?

Kawu Mai Gemu:
Maraba da mutanen Damagaram. Akwai filin da aka keɓe wa mai amfani, an hana masu rubuta fakej su gina a kai: F5 zuwa F9, da C-c in harafi ɗaya ya biyo baya. Duk abin da kika ɗora a nan naki ne.

(global-set-key (kbd "<f6>") #'toggle-input-method)

Kuskuren da sababbi ke yi shi ne su ƙwace irin su C-x ko C-h, daga baya su rasa ƙofar neman taimako.

Mai Gyaran Waya:
Ni dai tambayata, me ya sa ake wahalar nan a cikin edita? Linux yana da tsarin maɓallan Hausa tun tuni, na Najeriya da na Gana ma. setxkbmap ng -variant hausa, ko ka ƙara shi a saitin kibod. Windows ma yana da nasa. Da shi za ka rubuta ƙ a burauza, a imel, a ko'ina. Naku in ya fita daga Emacs ya koma gidan jiya, kwafa da liƙawa.

Kawu Mai Gemu:
Gaskiyarka, kuma wanda ke yawan rubutu a burauza ya yi hakan. Ni abin da ya sa na fi son na cikin init.el, yana bina duk inda na je. Na zauna a kwamfutar ofis da ba a ba ni ikon taɓa saitinta ba, ko na shiga wata kwamfuta daga nesa ta SSH, in dai na jawo fayil ɗina hannuna bai canza ba. Kuma ni na zaɓi inda kowane harafi yake, ba sai na haddace inda wani ya ajiye shi ba. Ba sa hana juna dai.

Vim Kawai:
Don kada a ce ban kawo komai ba sai tsiya. Wanda ke Vim ya sa wannan a ~/.vimrc:

digraphs k, 409 d, 599 b, 595 K, 408 D, 394 B, 385

Kana cikin rubutu sai Ctrl-K, k, waƙafi. Lambobin su ne dai na Kawu, an juya su zuwa ƙidayar goma-goma. Layi ɗaya, babu nil goma sha. Marigayi Bram Moolenaar tun 1991 ya gama mana aiki, har ya rasu a 2023 abin da yake roƙo a allon farko shi ne a taimaka wa yara mabuƙata a Yuganda.

Anti Lissafi:
Bugu uku a kowace ƙ, mu biyu. Lissafa a shafi 40 ka gaya mini.

Ƴar Damagaram:
Wata kuma. Ina da tsofaffin takardu da aka buga ba ƙugiya, wasu kuma da ita. In na nemi "kasa" da C-s ba ya kawo "ƙasa". Haka hamza, wani fayil ' ce miƙaƙƙiya, wanda ya fito daga Word kuma ’ ce lanƙwasassa, a ido kusan ɗaya amma bincike ba ya haɗa su.

Kawu Mai Gemu:
Na hamzar mai sauƙi ne. Kina cikin C-s ki danna M-s sai ', zai kunna abin da suke kira char-fold, miƙaƙƙiyar ta kamo lanƙwasassar, e ta kamo é ɗinku na Faransanci. Amma k ba za ta kamo ƙ ba, domin a Unicode é tana rabuwa zuwa e da alama, ita kuwa ƙ harafi ce mai zaman kanta. Sai kin gaya masa:

(require 'char-fold)
(setopt char-fold-include (append char-fold-include '((?k "ƙ") (?d "ɗ") (?b "ɓ") (?y "ƴ"))))
(setq search-default-mode #'char-fold-to-regexp)

Ki lura setopt na sa a na biyun. Wasu saituna suna da ɗan aikin da ke biyo bayan canza su, a nan sake gina teburin bincike ne. setq zuba ƙima kawai yake yi ya wuce, setopt kuwa yana tayar da aikin. A siga ta 29 ya shigo, mai tsohuwa ya yi amfani da customize-set-variable.

Auta kai ma ga irin tarkon da ke jiranka: ranar da za ka so faɗin layi ya tashi daga 70 zuwa 80, in ka rubuta setq fill-column ba abin da zai canza a fayilolinka, domin kowane fayil da nasa. setq-default ake sa wa irinsu. C-h v zai gaya maka in saitin irin wannan ne.

Autan Mama:
Kawu kamar ka shiga raina, jiya na gwada wannan na ɗauka ni ne ban iya ba. Wani abu kuma: ƙ ɗina ta fi sauran haruffa siranta, kamar baƙuwa a cikinsu.

Anti Lissafi:
Baƙuwar ce. Salon rubutun da ka zaɓa ba shi da ita, sai Emacs ya aro daga wani. Ɗora alama a kanta ka danna C-u C-x = zai gaya maka lambarta da inda ya aro ta. Kafin ka zauna a kan kowane salo, rubuta duka takwas ɗin manya da ƙanana ka duba. In za ka buga a takarda, Charis da Andika na SIL an yi su ne da harsunan Afirka a rai, ƙugiyarsu tana fita sosai.

Injiniya:
Tunda an ƙi Doom, aƙalla ka sa foldar a git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen fayiloli, tun tana ƙarama. Ka hana shi ɗaukar elpa da ajiya, kuma kada ka kuskura ka rubuta kalmar sirri a init.el, watarana za ka ɗora shi a GitHub ka manta. In ka fara sa fakej kuma, use-package yana cikin siga ta 29 ɗinka, kowane fakej da saitinsa a dunƙule wuri ɗaya.

Autan Mama:
Na dawo da rahoto bayan kwana 3. init.el ɗina layi 31 ne har da bayanai, ya shiga git, M-x emacs-init-time ya ce bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Na rubuta shafi 6 ban kwafo ƙ ko sau ɗaya ba. Na koma fayil ɗin Baturen na karanta a hankali, na tsinci abu biyu da na gane kuma nake so, save-place-mode da recentf-mode, na ɗauko su kaɗai. Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Yaya Vim.

Amma Anti na kama naki ma. Na rubuta jimla ta ƙare da "duk" sai waƙafi mai ruwa, ya ba ni "duƙ".

Anti Lissafi:
Hhh duk da tak da cak, su ne 'yan tawayen. Ƙara ("k;;" ["k;"]) a cikin dokokin, haka na d da b. In ka buga waƙafin sau biyu zai bar maka k da waƙafinta.

Ƴar Damagaram:
Malama a yi na y ma, ko da yake ban san kalmar da za ta ƙare da y ba.

Vim Kawai:
Yaya Vim ya karɓi godiya. Auta, kada ka goge evil ɗin nan daga zuciyarka, akwai ranar da ɗan yatsanka zai gaji da Ctrl.

Autan Mama:
Ya ma fara 😅 Kawu, ance ana mayar da Caps Lock ya zama Ctrl, a init.el ake yi ko a Mint?

Kawu Mai Gemu:
A Mint. Shiga saitin kibod, ɓangaren Layouts, sai Options, ka nemi inda aka ce Ctrl position.